Shinge ɗaya, tsayawa biyu a manhajar Java: a share, a tace, ko a bi sawu?

Duk wanda ya daɗe yana gyaran manhajar kamfani da aka rubuta da Java ya san wannan ciwon kai. Ka sa shingen tsayawa a wani layi, abin da editocin rubuta kod Eclipse da IntelliJ IDEA ke rubutawa Breakpoint, domin manhajar ta dakata ka leƙa cikinta, sai abin ya ninku. Wani lokaci ka cire shingen amma manhajar ta ci gaba da tsayawa a wurin kamar ba ka taɓa komai ba. Wani lokaci shinge ɗaya tal ke cikin jeri, amma aikin da ya kamata ya wuce sau ɗaya sai ya tsaya sau biyu. Wani lokacin kuma sabar da ke gudanar da manhajar ce ma take ƙin tashi, tana kukan an maimaita mata wani abu. A ofis duka ukun sunansu ɗaya: "dibaga ta rikice." Dibaga ita ce kayan aikin binciken kuskure da ke cikin edita. Amma ba cuta ɗaya ba ce, kuma maganin wata yana iya binne wata.

Hanyoyi uku ake bi. Akwai sharewa, wato a goge shingaye gaba ɗaya a sake sawa. Akwai tacewa, a ɗora wa shingen sharaɗi yadda ba zai tsaya ba sai a inda ake so. Akwai kuma bin sawu, a tsaya a gano dalilin ninkin. Ni dai matsayina shi ne bin sawu ya kamata ya zama na farko a manhajar da ke taɓa kuɗin mutane ko bayanansu. Sharewa tana da wurinta, amma wurin ƙarami ne. Tacewa kuwa ta wucin gadi ce.

Kafin a zaɓa, sai an san inda shingen yake zaune. Tsarin binciken kuskure na Java hawa uku ne. A sama akwai JDI, wadda Eclipse da IntelliJ ke amfani da ita. A tsakiya akwai JDWP, yaren da dibaga ke magana da injin Java da shi ta hanyar sadarwa. A ƙasa akwai JVMTI, da ta zo da Java 5 a 2004, ita ce a cikin injin kansa. Jan ɗigon da kake gani a gefen allo alama ce kawai a jerin da editarka ta ajiye. Sai lokacin da ka haɗa da sabar ne take neman kowane kilas, wato ɓangaren kod mai suna, da aka loda mai wannan suna, ta nemo inda layin ya faɗa a cikin baitkod, wato fassarar rubutunka da injin ke gudanarwa, ta roƙi injin ya tsaya a nan. A wajen injin Java kuma, suna kaɗai bai isa ya bambanta kilas ba. Suna ne tare da wanda ya loda shi. Kilas ɗaya da masu lodawa biyu suka ɗauko, kilas biyu ne. Saboda haka ninki na iya faruwa a jerin edita, ko a baitkod, ko a cikin sabar, ko a umarnin da aka tayar da injin da shi.

Sharewa ita ce mafi arha, kuma tana warkar da nau'i guda sarai: inda ninkin yake a jerin editar. Alamarsa ba ta ɓuya. Ka buɗe tagar shingaye, a IntelliJ da Ctrl+Shift+F8, a Eclipse ta tagar Breakpoints, sai ka ga kilas ɗaya da layi ɗaya sun bayyana sau biyu. A Eclipse abin ya fi yawa a manyan ayyukan Maven, kayan aikin gina manhaja, masu uwa da 'ya'ya. Fayil ɗaya ne a faifai, amma ana iya buɗe shi ta ƙarƙashin uwar aikin, a kuma buɗe shi ta ƙarƙashin ɗan, kuma Eclipse tana maƙala shinge ne a jikin fayil kamar yadda ta gan shi a cikin kowane aiki. Ka sa ɗaya jiya ta nan, ka sa ɗaya yau ta can, ka cire na yau, na jiya yana nan daram. Haka ma idan ka sa shinge a cikin kilas da ka buɗe daga fayil ɗin jar, sannan ka sa wani a ainihin rubutun kilas ɗin. A IntelliJ shingaye suna zaune a fayil ɗin workspace.xml cikin foldar .idea, kuma rikici yakan shigo idan wani ya tura wannan fayil zuwa Git, ma'ajiyar kod ta tarayya, abokan aiki suka riƙa haɗa nasu da nasa. Fayil ne na mutum ɗaya, bai kamata ya shiga ma'ajiyar kowa da kowa ba. Sauya reshe a Git shi ma yakan ture layuka, shingaye biyu da ke wurare daban su wayi gari a layi ɗaya.

Ko a nan ɗin, kada ka yi saurin danna Remove All. Akwai gwaji na daƙiƙa goma: a Eclipse kunna Skip All Breakpoints, a IntelliJ kunna Mute Breakpoints, ka sake gudanar da aikin. Idan tsayawar ta daina, to daga jerinka take, sai ka nemo na biyun ka cire shi shi kaɗai. Idan a Eclipse ba ta daina ba, leƙa saitin Java da Debug, domin akwai zaɓin dakatar da manhaja duk lokacin da kuskuren da ba a kama ba ya tashi, kuma wannan ba ya cikin jerin shingaye. In ma sai ka goge duka, Eclipse tana bari ka fitar da shingayenka zuwa fayil mai ƙarshen .bkpt tukuna. Mutumin da ya yi mako yana tsara shingaye masu sharaɗi a wurare ashirin ya san zafin rasa su. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne shawarar da ake yawan ba sababbi, wai su goge foldar .metadata ko .idea ɗungurum. An kashe saitin aiki gaba ɗaya saboda ɗigo guda.

Babban aibin sharewa shi ne tana sa mutum ya ji ya yi wani abu. Idan jerin shinge ɗaya ya nuna amma tsayawa biyu ake yi, ka goge ka sake sau goma, haka za ta ci gaba. An bar jaki ana dukan taiki.

A nan bin sawu ke shigowa, kuma bai kai wahalar da ake zato ba. A ce manhajar albashi ce a kan sabar Tomcat, akwai aikin da ke tashi da kansa ƙarfe goma sha biyun dare ya tura wa ma'aikata saƙon cewa an biya su. Ka matso da lokacin a sabar gwaji, ka sa shinge a layin da ke tura saƙon, manhaja ta tsaya. Kada ka danna ci gaba tukuna. Ɗauki biro ka rubuta abu uku. Na farko sunan zaren da ya tsaya, wato thread, hanyar aiki ɗaya daga cikin masu gudana tare, yana saman jerin kira. Na biyu lambar shaidar this, wato abin da aka ƙirƙira daga kilas ɗin da kake tsaye a cikinsa: Eclipse tana nuna ta a matsayin id a tagar Variables, IntelliJ kuma tana sa ta bayan alamar @ kusa da sunan kilas. Na uku, a tagar gwada magana, rubuta wannan ka kwafe amsar:

this.getClass().getClassLoader()

Yanzu ka saki manhajar. Da ta sake tsayawa, ka sake rubuta ukun a ƙasan na farko. Layuka biyun nan a takarda su ne za su gaya maka komai.

Idan zare ɗaya ne, this ɗaya, mai lodawa ɗaya, to mai yiwuwa babu abin da ya lalace. Layi ɗaya a rubutu yana iya zama wurare da yawa a baitkod. Layin da ke ɗauke da lambda, wato ɗan guntun aiki marar suna, shi ne ya fi kama mutane: kompaila, mai mai da rubutu baitkod, tana cire cikin lambda ta mai da shi metod na daban mai suna irin lambda$tura$0, amma lambar layinsu ɗaya. Shinge a wannan layi zai iya tsayawa sau ɗaya don layin, sannan ya tsaya ga kowane abu da lambda ta bi ta kansa. IntelliJ takan tambaye ka tun wajen sawa ko layin kake nufi, ko lambda, ko duka, kuma mutane da yawa suna danna duka ba tare da sun karanta ba. Kan madaukin for shi ma wuri fiye da ɗaya ne, akwai na farawa akwai na ƙarawa. Magana mai tsawo da aka karya zuwa layuka uku kuwa, injin yakan sauka ƙasa ya lissafo abin da ke can ya dawo layin farko. Umarnin javap -c -l -p a kan kilas ɗin zai nuna maka teburin layuka, ka ga lambar layinka ta fito sau biyu da idonka. Maganin shi ne ka matsar da shingen zuwa layi mai magana ɗaya, ko ka karya layin. Duba jerin kira ma, domin wataƙila wurare biyu ne ke kiran metod ɗin bisa ƙa'ida.

Idan mai lodawa ɗaya ne amma this ya bambanta, an ƙirƙiri abu biyu daga kilas ɗin da ake zaton guda ne. A tsofaffin manhajojin Spring MVC wannan tsohon ciwo ne. Akwai babban mahalli da ContextLoaderListener ke ginawa, akwai ƙarami na DispatcherServlet, kuma idan aka ce wa dukansu su binciko fakiti ɗaya, kowannensu zai gina nasa. Duk metod mai @Scheduled zai gudana sau biyu. A misalinmu, kowane ma'aikaci zai sami saƙo biyu. Idan layin na cire kuɗi ne ba na saƙo ba fa? Wannan shi ne dalilin da ya sa nake matsa wa mutane su bi sawu. Dibaga ba ta rikice ba, gaskiya ta faɗa, kuma mai sharewa da mai tacewa duk sun toshe mata baki.

Idan mai lodawa ne ya bambanta, matsalar ta koma wajen sabar. Tomcat tana ba kowace manhaja nata mai lodawa, wanda ke ɗauko abin da ke WEB-INF/classes da WEB-INF/lib. Sanannen tarko shi ne a ajiye manhaja a foldar webapps, sannan a sake ayyana ta da Context a server.xml don ta zauna a tushen adireshi. Tomcat za ta tayar da ita sau biyu, ɗaya da sunanta ɗaya a tushe. Mai shiga ta burauza ba zai lura ba, tunda buƙatarsa wuri ɗaya take zuwa, amma ayyukan da ke tashi da agogo da masu sauraron layin saƙonni duk sun zama bibbiyu. Gyaran shi ne a sa wa fayil ɗin suna ROOT.war a cire ayyanawar, ko a fitar da shi daga webapps. Tarko na biyu ya fi wannan wayo: ka sake ɗora manhaja ba tare da ka kashe Tomcat ba, tsohuwar ta tafi amma ta bar zare yana gudana, zaren kuma ya riƙe tsohon mai lodawa da tsofaffin kilas ɗinsa. Kowace sabuwar ɗorawa tana ƙara guda. Idan yau tsayawa biyu ce, bayan ɗorawa ta gaba ta zama uku, kusan ka gama bincike. Tomcat ma takan rubuta gargaɗi a rajistarta cewa manhajar ta tayar da zare ta kasa tsayar da shi, sai dai ba kowa ke karantawa ba. Kashe sabar a tayar yana kawar da alamar, amma gyaran gaskiya shi ne manhajar ta rufe zarenta lokacin da ake sauke ta. Don tabbatarwa, tayar da injin da -verbose:class, ko -Xlog:class+load daga Java 9 zuwa sama, ka nemi sunan kilas ɗinka a abin da ya fito. Zai nuna sau nawa aka loda shi da kuma daga wane fayil.

Saura idan zare ne kawai ya bambanta, kamar http-nio-8080-exec-3 da http-nio-8080-exec-7. Buƙata biyu ce ta iso. Ko shafin yana tura fom sau biyu, ko kuma wani abu a gaban sabar ya gaji da jiranka kana tsaye a shinge, ya sake turowa. Wannan na biyun dibagar ce ta jawo shi, kuma tagar sadarwa ta burauza ko rajistar shiga ta sabar za ta raba gardama.

Kuɗin bin sawu lokaci ne, watakila rabin awa, da kuma izinin ganin saitin sabar, wanda a wasu kamfanoni sai an nema a rubuce. Ribarsa ita ce shi kaɗai ne a cikin ukun zai iya gano ɓarnar da ke faruwa ko babu dibaga.

Tacewa kuma fa? Tana da lokacin da ta dace. Idan manhajoji biyu daban a saba ɗaya suna amfani da library ɗaya, wato tarin kod da aka shirya, kowacce da kwafinta, ninkin halal ne, ba abin gyarawa. Kana son ka tsaya a taka kawai. A nan sai sharaɗi, ko dai a kan wata ƙima kamar lambar ma'aikaci ɗaya, ko a kan sunan zare. IntelliJ ta fi wadata a wannan fanni: tana tace ta kilas, ta abu guda, ta wanda ya yi kira, tana da ƙidayar wucewa, da zaɓin kada shinge ya farka sai an taka wani, da na cire shi da zarar an taka shi sau ɗaya. Eclipse tana da sharaɗi da ƙidaya da tacewa ta zare, kuma tun fitowar Oxygen a 2017 ta sami shingen da ke kunna sauran da wanda ke rubutu kawai ba ya tsayawa. Irin wannan mai rubutu yana da amfani ƙwarai wajen bin sawu ma: ka sa shi ya riƙa rubuta sunan zare da mai lodawa, ka bar manhajar tana gudu, ka karanta daga baya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsadar sharaɗi. Ba injin Java ne ke duba shi shi kaɗai ba. Duk lokacin da aka taka layin sai zaren ya tsaya, saƙo ya tafi kwamfutarka, dibaga ta yi tambayoyinta ta sami amsa, sannan ta ce a ci gaba. A kwamfuta ɗaya ba za ka ji ba sosai. Amma idan kana Kano ko Kaduna, sabar kuma tana wata cibiya a Turai, kowace takawa tafiya ce da dawowa fiye da sau ɗaya. Sharaɗi a cikin madaukin da ke bin ma'aikata dubu biyar zai mai da aikin daƙiƙa biyu ya zama na dogon jira. A irin wannan yanayi, in kana da ikon sake ɗora manhajar gwaji, ya fi sauƙi ka rubuta if ɗin a cikin kod ɗin, ka sa shinge marar sharaɗi a cikinsa. Ka kuma lura da bambancin da editocin biyu suka zo da shi daga gida: Eclipse zaren da ya taka shingen kaɗai take dakatarwa, IntelliJ kuwa duk injin take tsayarwa sai ka sauya. A sabar gwaji da mutum shida ke amfani da ita, wannan na nufin ka tsayar da aikin kowa. A ɗaya ɓangaren, salon Eclipse yana barin zare na biyu ya zo ya taka shingen kana tsaka da duba na farko, allo ya yi tsalle, ka ɗauka ninki ne.

Akwai rukuni na ƙarshe da babu ɗaya daga cikin ukun da ke taɓa shi, wato saƙon kuskure na zahiri. Idan injin ya ƙi tashi yana cewa ba zai loda wakilin JVM TI sau biyu ba, a duba maimaicin zaɓin jdwp, to umarnin tayarwa ne ke ɗauke da -agentlib:jdwp sau biyu. Yawanci ɗaya yana JAVA_TOOL_OPTIONS, wanda kowane injin Java da ya tashi a wannan muhalli ke ɗauka, ɗayan kuma edita ce ko rubutun tayarwa ya ƙara. A Tomcat, wanda ya sa zaɓin a JAVA_OPTS maimakon CATALINA_OPTS zai ga rubutun kashe sabar ma yana ƙoƙarin kama ƙofar sadarwa, wato port, da ke hannun sabar da ke gudu, ya faɗi da kukan adireshi na hannun wani. Hanya mafi tsabta ita ce catalina.sh jpda start, mai buɗe ƙofa ta 8000, ko a WildFly standalone.sh --debug, mai buɗe 8787, a bar sauran wuraren babu komai. Kuskure mai lamba 40 a JDWP da JVMTI ma'anarsa an riga an sa abin da ake neman sawa, DuplicateRequestException kuma yakan fito ne idan aka nemi taku na biyu, wato matsawa layi ɗaya gaba, a zaren da takunsa na farko bai ƙare ba, tunda taku ɗaya ake yarda wa kowane zare a lokaci guda. Ga waɗannan biyun, cire haɗin a sake haɗawa yakan isa, domin wakilin yana zubar da duk buƙatun dibagar da ta tafi.

Sai dai "ta tafi" ɗin nan yana da sharaɗi. Wakilin JDWP dibaga ɗaya yake karɓa a lokaci guda. Idan intanet ta yanke ko wuta ta ɗauke kana tsaye a shinge, sabar tana iya ci gaba da zaton kana nan, zaren yana daskare, kai kuma ka dawo ƙofa ta ƙi buɗuwa. Wanda ya haɗa ta ramin SSH, da umarni irin ssh -L 8000:localhost:8000, yana da mafita: ya shiga sabar ya kashe tsohon zaman SSH ɗin, haɗin ya rufu, injin ya saki zaren. Ramin yana da wani dalili da ya fi wannan nauyi. JDWP ba ta tambayar kalmar sirri, duk wanda ya isa ƙofar zai iya sa injin ya gudanar da abin da ya ga dama. Shi ya sa daga Java 9 idan ka ba da lambar ƙofa kawai, cikin na'urar kaɗai take saurare. Masu sa address=*:8000 don sauƙi sun sake buɗe abin da aka rufe da gangan.

Game da wace edita za a ɗauka, ba na ganin wannan matsala ta isa ta sa mutum ya yi ƙaura. IntelliJ ta fi iya faɗakarwa, takan ce rubutun da ke gabanka bai yi daidai da baitkod ba, takan kuma ba ka zaɓi idan kilas ɗin yana da rubutu fiye da ɗaya a aikin. Eclipse ta fi sauƙin adana shingaye da raba su rukuni-rukuni, ta kuma fi ladabi a sabar da ake tarayya. Idan gardama ta ƙi ƙarewa tsakanin mai cewa laifin edita ne da mai cewa na saba ne, akwai alƙali a cikin JDK, kunshin kayan aikin Java: jdb, dibagar da ake sarrafawa da rubuta umarni. Cire haɗin editar, ka rubuta jdb -attach localhost:8000, sannan stop at da cikakken sunan kilas da lambar layi. Ba ta da tsohon jeri ko fayil ɗin saiti da zai ruɗe ta, kuma duk tsayawa tana rubuta sunan zare da metod da layi da gurbin baitkod. Umarnin classes zai jero abin da aka loda, ka ga ko sunan ya fito sau biyu. In jdb ta tsaya sau ɗaya, koma ka duba jerin shingayenka da irin layin da ka sa shingen a kai. In ta tsaya sau biyu, kira mai kula da sabar, ku buɗe server.xml da saitin Spring tare kafin ƙarshen wata ya zo.